Masu Kallo ta Bayan Zana

Uwa ba ta yarda kowa ya taɓa mata hudarta. Da ɗan yatsanta ta yi ta a jikin zanar da ta raba filin kallo gida biyu, daidai tsayin idonta in ta zauna a kan 'yar kujera, kuma duk matan Attantane sun san wurin nan nata ne. Ran Alhamis, ana idar da sallar magariba, surukarta Zara'u za ta ɗauko kujerar ta biyo ta, tsohuwa na gaba tana faɗan an makara, alhali ko akwatin talabijin ba a kunna ba.

Talabijin ɗin gwamnatin soja ce ta kawo wa gari, mai aiki da hasken rana, aka damƙa shi hannun Na Allah, tsohon sojan da har yanzu ƙamewa yake yi in zai murɗa maɓalli. Maza a gaba kan tabarmi, mata a bayan zana, haka aka tsara tun ranar farko. A lokacin tabarmi ba sa isa. Sai damina biyu suka zo a jere ba ruwa, maza suka watse cin rani, gaba ya koma 'yan tsofaffi, rabinsu gyangyaɗi ya kawo su. Bayan zana kuwa kullum ƙara cika yake, har zanar ta zama kamar rariya.

Abin da ke tara su wasa ne mai suna Gidan Kadijatu. Mijin Kadijatu, Abdussalamu, ya tafi kurmi neman abinci, ita kuma tana riƙe da gida da wayo da baki. Matan suna son wasan ƙwarai, amma ba kamar Uwa da Zara'u ba. Nasu Mamudun wata ashirin ke nan da tafiya, wasiƙa ɗaya tal ya aiko. Uwa ba ta faɗin sunansa don ɗan fari ne, Zara'u ba ta faɗi don miji ne, saboda haka Abdussalamu ya zame musu mafita. Uwa ta zage shi son ranta ta cikin huda, ta ce ba shi da tausayi, ta ce ko gishiri ya kasa aikowa. Zara'u ta kare shi, ta ce wa ya san halin da yake ciki. Su koma gida suna dariya, su sha kunun dusa, ransu wasai. A shekarar da babu komai, wannan ya ishe su.

* * *

Wata Alhamis, kafin ya kunna, Na Allah ya juyo ya fuskanci zana ya yi gyaran murya. Ya ce takarda ta zo. Manya sun ce masu kallon Gidan Kadijatu sun ragu a ƙauyuka, kuma za a turo mutum daga Maraɗi mako mai zuwa ya gani da idonsa. In ba jama'a, za a tsai da wasan a sa wani abu.

Zara'u ta ji abin har cikin ƙirjinta. Abdussalamu ya fara maganar dawowa gida, yanzu ne za a yanke? Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, amma ta ƙudura a ranta cewa ranar da ya yi sallama a ƙofar Kadijatu, nata ma yana hanya. Ta san shirme ne. Duk da haka da shi take kwana.

Kwana shida ta yi tana bin gidaje. Ta je bakin rijiya, ta je wurin masu daka, har rugar su Hindu ta taka, ta ce su taso da nononsu da 'ya'yansu. Uwa ta ce ba ta taɓa sanin surukarta na da ƙafa haka ba, da ta daɗe da aikenta Mayahi sayen goro.

Suka kuwa zo. Bayan zana ya cika har gindin gawo, mata sun fi ɗari, masu goyo da masu sanda, aka yi ta huda sababbin wurare.

* * *

Baƙon ya iso cikin farar motar gwamnati. Mushe Salifu sunansa, wato Malam Salifu da Faransanci, siriri mai tabarau, da littafi a hammata. Ƙarar rufe ƙofar motar kaɗai ta sa surutu ya ragu. Uwa ta miƙe ta juya ga matan, murya ƙasa ƙasa.

"Baƙo na gwamnati ya zo. Kada ɗiyar kowa ta kunyata mu. In na ji tari, ni da mutum."

Ba wadda ta ga laifin maganar, ai haka aka tarbiyyantar da su. Masu goyo suka toshe bakin jarirai da nono. A ranar kuwa wasan ya yi daɗi fiye da kullum: Kadijatu ta kori mai sayen akuya da muciya, mata suka cusa mayafi a baki, kafaɗu na rawa, hawaye na zuba, amma ko uffan ba ta fita ba. Duhu ya riga ya sauka, zanar kuwa daga gaba zana ce kawai.

Ta hudarta Zara'u ta ga baƙon yana nuna tabarmi da alƙalami. Mutum tara ya samu, har da Malam Umaru da ke minshari. Ya dubi Na Allah.

"Su ke nan?"

Na Allah ya ƙame. Shekara ashirin ya yi a soja, an koya masa ya amsa abin da aka tambaye shi, kada ya ƙara.

"Su ke nan mazan da suka rage, ranka ya daɗe."

Mushe Salifu ya girgiza kai cikin tausayi ya rubuta. Zara'u ta yunƙura, bakinta ya buɗe, sai ta ji yatsun Uwa sun matse mata cinya. Ta koma ta zauna. Ta tuna ranar rabon dawar agaji, da ta tsaya tun hantsi, mai kiran suna ya ce maigida ake kira, ina naku? Ranar ma shiru ta yi ta dawo da ƙwarya wayam.

A hanyar gida Uwa sai murna. Ta ce ko a Tasawa ba a samun mata masu kunya haka, baƙon nan zai je ya ba da labarin Attantane. Zara'u na biye da kujera a ka, ta kasa gaya mata cewa baƙon bai ƙirga da su ba, don tana son tsohuwar.

* * *

Mako uku wasan ya ƙara yi. A na ƙarshe aka nuna Abdussalamu a tasha da ƙullin kayansa, ya sayi turmin atamfa da gishiri, ya kama ƙarfen babbar mota ya hau. Mata suka yi guɗa, Uwa ta yafe masa duk abin da ya yi. Motar na tashi sai wani mai kwat ya fito ya ce saboda ƙarancin masu kallo an dakatar da Gidan Kadijatu, daga mako mai zuwa za a riƙa kawo shiri kan amfani da takin zamani.

Uwa ba ta gane ba sai da Zara'u ta maimaita mata.

"To, ai dai ya taso," in ji Uwa. "Mun gani da idonmu ya shiga mota."

Alhamis ta zagayo. Aka idar da magariba, Uwa ta yafa mayafi, Zara'u ta ɗauki kujera ba gardama. Su biyu ne kawai a bayan zana, sai wata akuya da ke cizgar ƙasanta. A gaba tsofaffi tara suna nan cif, wani mutum a akwatin yana nuna musu yadda ake zuba taki bayan ruwan farko.

Uwa ta zauna, ta gyara hudarta da yatsa, ta kafa ido.

"Ki bari su gama wannan," ta ce. "Hanyar kurmi da nisa."