Katin Aikin Idon Iya Karimatu

A littafin ƙungiyar agajin da ta yi aikin ido kyauta a Gaya, an rubuta cewa an cire wa Karimatu Shehu, mai shekara sittin da uku, yanar idonta na dama ranar Alhamis ta biyu a watan Nuwamba, kuma aikin ya yi kyau. Karimatu ba ta je wurin ba. A ranar tana tsakar gidansu, tana hura wuta a ƙarƙashin garwar ruwan wankan jegon matar ɗanta. Idon yana nan yadda yake. Sai da aka yi arba'in ɗin haihuwar ta san abin da ya faru.

Iya ake kiranta a gidan, har ma da unguwar. Mijinta ya rasu shekara tara da suka wuce, tana zaune a sashenta, babban ɗanta Sagiru da iyalinsa suna ɗaya sashen. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Takan soya gyaɗa bayan sallar asuba, ta kai inji, ta dawo ta matse, ranar kasuwar Ajingi kuma ta shiga bas da jarkoki biyu. Tsakanin wannan da wancan ita ce mai shirya jikoki uku zuwa boko da safe, Islamiyya da yamma, domin uwarsu Khairiyya tana koyarwa a wata firamare. Tana da ciwon suga da hawan jini. Ƙwayoyinta suna cikin gwangwanin madara a kan taga, tana sha idan ta tuna.

Abin da take yi don kanta guda ɗaya ne, ɗinkin hula. Ba ta sayarwa. Bayan la'asar takan zauna a bakin ƙofarta inda haske ya fi yawa, ta yi layi biyu ko uku kafin wani ya kira ta. A shekarar da ta wuce idon dama ya rufe da fari, na hagu ma ya fara hazo. Zura zare a allura ya koma aikin da sai ta nemi mai taya ta.

Sagiru ɗan fari ne, kuma Iya tana yi masa kunya irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. In za ta ambace shi a gaban autarta Ummi sai ta ce "yayanki", a gaban Khairiyya kuma "mai gidan naki". In ya gaishe ta da safe takan amsa tana kallon murhu. Shekararsa arba'in da ɗaya, ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, kuma duk abin da ke tsakaninsu ta bakin wani yake bi. Duk haihuwar da aka yi masa takan ɗinka masa hula, ta ajiye a ɗakin matarsa ba tare da ta ce daga ina ta fito ba.

A watan Oktoba ƙungiyar ta zo tantance masu yanar ido. Sagiru ne ya kai ta a babur, Ummi ta biyo su a adaidaita daga Toranke inda take aure. Malamin lafiyar da ke riƙe da littafin, wani mai suna Gwadabe, ya ba ta kati mai lamba tamanin da ɗaya, ya yi mata bayani.

"Iya, bayan an yi aikin, sati shida babu hayaƙi, babu tururi. Ba sunkuyo, ba ɗaukar kaya."

"Ka ce in kwanta in mutu kawai, Malam."

"A'a, ki kwanta ki warke. Ba ga 'ya'ya nan ba? Su yi miki."

Ummi ta yi dariya. Sagiru bai yi ba. Ya karɓi katin ya sa a jakar takardunsa, inda takardun gidan duka suke zama.

Khairiyya ta haihu ranar Asabar, saura kwana biyar a yi aikin. Bisa al'ada mahaifiyarta ce za ta yi mata wanka, amma Hajiya Zaituna, da ke zaune a Ajingi, ta shekara biyu ba ta fita sai da ɗan jagora, ita ma yanar ido ce ke damunta, kuma ba ta sami zuwa tantancewar ba. Wankan ukun da suka gabata duk Iya ce ta yi. Babu wanda ya tambaye ta a na huɗun. Tun ranar Lahadi ta ɗora garwa, ta aika a saro ganyen darbejiya.

Ranar Laraba da yamma Ummi ta same ta tana tace kunun kanwa.

"Iya, Yaya ya ce a gaya miki an ɗaga aikin."

"Zuwa yaushe?"

"Bai faɗa ba. Ga shi can a zaure, in tambayo shi?"

Sagiru yana zaure yana goge babur, tazarar da ba ta fi taku goma ba, kuma yana jin su.

"Bar shi," in ji Iya. "In an sa rana ai zai faɗa."

Ba ta sake tayar da maganar ba. Washegari da sassafe ta ji fitar babur ɗinsa, ta ɗauka ofis ya yi sammako.

Wankan jego sau biyu ne a rana. Kullum takan cika garwa da bokiti shida, ta hura itace har ruwan ya tafasa, ta kwashe, ta tsoma ganye ta riƙa fyaɗa wa mai jego a cikin tururi. Daga nan ta yi wa jariri wanka, ta gasa cibi, ta dama kunu, ta shirya manyan zuwa makaranta. Gyaɗa ba ta tsaya ba, don masu saye a Ajingi sun saba da ita. Ta tsallake ranar asibitin suga sau biyu. A kwana na ashirin da uku ta zuba wa kanta tafasasshen ruwa a ƙafar dama, domin ba ta ga bakin bokitin ba. Ta shafa man gyaɗa, ta ɗaure da tsumma, ta yi wankan yamma.

Hajiya Zaituna ba ta zo suna ba. An ce jiri take fama da shi.

Ta zo ranar arba'in. Ta sauka daga adaidaita ita kaɗai, da baƙin tabarau, ta tsallake kwatar ƙofar gida ba tare da an riƙe mata hannu ba. Matan unguwa shida suna zaune a tsakar gida ana rabon ƙauri. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, tana kiran kowacce da sunanta, sannan ta karɓi jaririn ta cire tabarau.

"Kai, ashe haka hancin ubansa ya kwaso! Da sai dai in shafa."

Ta zauna kusa da Iya, wadda ke ƙoƙarin ƙarasa hular Sagiru da ba ta kammala ba kafin suna. Iya ta jima tana laluben kafar allura. Zaituna ta karɓa, ta lashi zaren, ta zura sau ɗaya.

"Ungo. Amma Iyar yara, nan ai baƙi kika sa a wurin shuɗi. Tun daga nan har nan. Zanen ma kin sauka daga kansa."

"Haka ne?"

"Wallahi. Ke ma dai da kin daure. Minti nawa ne? Ko zafi ban ji ba." Ta juya wurin matan. "Ita fa aka ba wa katin. Sagiru ya zo har gida ya ce Iya ta ji tsoron wuƙa ta fasa, kar katin ya tafi a banza. Ya ce in an kira Karimatu in amsa. Yini guda na yi ina Karimatu!"

Matan suka yi dariya. Wata ta ce, "Iya, ke da kike shiga tururi kamar ba mutum ba, wuƙar likita ce ta kore ki?"

Khairiyya tana bakin ƙofarta, ta shige ɗaki. Ummi ta buɗe baki, Iya ta riga ta.

"Haka aka yi," in ji ta. "Zuciyata ce ba ta kwanta ba. Allah ya ƙara sauƙi, Hajiya."

"Amin. Wannan ɗa naki, Allah ya yi masa albarka. Ko wanda na haifa bai yi min haka ba."

"Amin," in ji Iya. Ta ci gaba da ɗinki da zaren da aka zura mata.

Da baƙi suka watse Ummi ta tare yayanta a tsakar gida. Ya amsa mata da murya sama, fuskarsa na kallon sashen Iya.

"To wa zai yi wankan? Ke? Da cikin naki? Ko in ɗauko 'yar haya a ce gidan Shehu ba su da tsohuwa? Sati shida fa aka ce. Ita Hajiya ba abin da take yi, ta kwanta ta warke. Kowa ya amfana."

"Kowa ban da Iya."

"Ido ɗaya ai yana gani. Kuma za su dawo. Da ba ta yarda ba, me ya hana ta magana? Ina zaure aka gaya mata."

Iya tana ɗaki tana jin su. Ta kira Ummi ta ce ta rage murya, akwai maƙwabta.

Kwana uku bayan haka ta bar gyaɗa a inji, ta hau adaidaita zuwa ɗakin da ƙungiyar ta kama haya, inda Gwadabe ke duba waɗanda aka yi wa aiki. Ya buɗe littafin, ya bi da yatsa, ya ɗago ya kalli idonta, ya sake kallon littafin.

"Lamba tamanin da ɗaya. Karimatu Shehu, idon dama, an yi." Ya haska mata fitila. "Ikon Allah. Iya, wa aka yi wa?"

"Wata baiwar Allah ce."

"Likitocin za su dawo a watan Maris, amma waɗanda ba a taɓa yi wa ba za su ɗauka. Ke a nan an gama da ke. Kuma yanar nan ta nuna. Da sugan da kike da shi, in ta wuce lokaci tana iya tafiya da idon gaba ɗaya."

"To ka goge ka sake rubutawa mana."

"Ba ni da ikon goge aikin likita. Takarda za a cike a aika Kano kafin ƙarshen Janairu. Ko wanda ya kawo katin ya zo ya sa hannu cewa shi ya yi, ko ke ki faɗi wanda ya yi, in rubuta, ki dangwala." Ya ɗauki biro. "Wa ya kawo?"

"Wani yaro ne a gidanmu."

"Sunansa?"

Iya ta gyara mayafinta.

"Iya, na san shi. Shi ya kawo ki, shi ya kawo ɗayar, ni ne ban lura da fuska ba, mutum ɗari da wani abu a yini. Amma ba zan rubuta da bakina ba. Suna kawai za ki faɗa."

"In an rubuta me za a yi masa?"

"Ban sani ba. Ƙila su kai maganar wurin aikinsa, ƙila su ƙyale."

Mai bi mata a layi ta fara tsaki. Iya ta ce ta bar gyaɗa a inji, za ta dawo. Gwadabe ya ba ta takardar ta tafi da ita.

A gida ta ba Khairiyya takardar, ta ce, "Ki ba mai gidan naki. An ce akwai wurin sa hannu." Khairiyya ta karɓa da hannu biyu, ba ta ɗago ba. Washegari Khairiyya ta dawo da hular da Iya ta kammala ta ajiye mata a ɗaki.

"Ya ce a gyara wurin baƙin zaren, abokan aikinsa za su yi masa dariya."

"Takardar fa?"

"Ya sa a jaka."

Iya ta warware layi goma sha ɗaya. Yanzu Khairiyya ce ke zura mata zare tana gaya mata launi, idan ta dawo daga makaranta. Ƙunar ƙafar ba ta rufe ba, an ce saboda suga ne. Ranar kasuwar da ta wuce ta sauka daga bas a Ajingi ta bar jarka ɗaya, kwandasta ya biyo ta da ita. Hajiya Zaituna ta aiko mata da baƙin tabarau ɗinta, ta ce ita ta daina amfani da shi, zai rage mata hasken rana.

Ummi ta je wurin Gwadabe ita kaɗai, ya ce mata shaidar wanda bai ga an miƙa katin ba ba ta shiga takarda. Ta roƙi Iya sau biyu su koma tare. Iya ta ce sai ta sauke gyaɗar da ke hannunta.

Cikin Ummi na fari ne, kuma ungozoma ta ce watan Maris ne. Dangin mijinta a Toranke sun riga sun aiko cewa gida za ta dawo ta haihu, Iya ta yi mata wanka, har sun turo amalanken itace an jibge a bayan zaure. Sagiru ne ya nuna inda za a sauke.

Saura kwana goma sha biyu Janairu ya ƙare. Takardar tana cikin jakar Sagiru ba a sa mata hannu ba, kuma lamba tamanin da ɗaya tana nan a jerin waɗanda aka yi wa aiki.