Minti Biyar Daga Ƙofarmu

Takardar ta iso ranar Talata. Mahaifiyata, Kalolaine, ta karanta ta sau uku kafin ta miƙo mini.

"Heilala, duba min nan. Ko dai idona ne?"

Amsa ce daga ƙaramar hukuma. Mu mutanen layinmu a unguwar Mount Druitt mun rubuta muna roƙon a yi mana filin shaƙatawa mai ciyawa da inuwa, domin da rani kwalta kan yi zafin da yara ba sa iya taka ta, tsofaffi kuma sai zaman gareji. Hukumar ta ce ta gode, amma bincikenta ya nuna muna da fili tafiyar minti biyar daga ƙofarmu. Har taswira suka haɗo, da wani koren tabo a jikinta.

"Shekara ashirin da shida ina layin nan tun barowarmu ƙasarmu Tonga," in ji Inna. "Wane fili?"

Ta aika aka kira Baba Siaosi, maƙwabcinmu, tsohon direban bas da ke cewa babu lungun da bai sani ba. Ya juya taswirar sama, ya juya ta ƙasa.

"Na san wurin," ya ce.

"To ina ne?"

"Ku dai biyo ni."

Ranar Asabar da safe muka bi shi. Layin ya kai mu gindin doguwar katangar siminti da ke tare ƙarar motocin babban titi. Muka yi hagu, muka tarar da ƙatuwar magudanar ruwa an kewaye ta da waya. Muka yi dama, muka yi ta tafiya, sai ga mu a ƙofar gidan Baba Siaosi.

"Allah Ya jiƙan fasinjojinka," in ji Inna.

"Taswirar ce ba daidai ba, Kalo!"

A ofishin hukumar wata ma'aikaciya mai fara'a, Narelle, ta nuna mana a kwamfuta. Ga gidanmu, ga koren tabon, ga jan layi miƙaƙƙe tsakaninsu. Mita ɗari uku da tamanin.

Inna ta matso da fuskarta jikin gilashin. "'Yata, wanda ya auna wannan, fiffike gare shi?"

Narelle ta yi dariya, sai kuma ta ga ba wasa ake yi ba. Ta ce za ta zo ta kai mu da kanta.

Ta kuwa zo ranar Alhamis, da hula da gorar ruwa, wayarta na faɗa mata hanya. Da muka isa gindin katangar nan sai wayar ta yi shiru. Narelle ta dubi katangar, ta dubi wayar, ta girgiza ta.

"Ai yana nan," ta ce. "Ya kamata a ce yana nan."

Muka bi gefen titin muna neman gada. Minti arba'in da bakwai muka yi, har da hutu biyu saboda gwiwar Inna. Da muka tsallaka muka dawo baya, sai ga filin: ciyawa shar, manyan bishiyoyi, lilo, famfo, da wani dattijo yana yawo da karensa. Ya gaishe mu, ya tambaya ko daga nesa muke.

Inna ta nuna bayan katangar, inda kan bishiyar lemonmu ya leƙo. "Ga gidana can."

Mutumin ya duba, ya sake dubanmu yadda muka jiƙe da gumi.

Narelle ta yi ƙoƙari, ba zan ɓoye ba. Bayan wata biyu ta bugo mini waya. Ta ce katangar ta hukumar tituna ce, magudanar ta hukumar ruwa, filin kuma ashe yana cikin iyakar wata ƙaramar hukuma, ba tasu ba. Don haka an cire layinmu daga jerin masu fili.

"To za a yi mana namu ke nan?" na tambaya.

"An sa ku a jerin waɗanda za a sake aunawa."

Na faɗa wa Inna. Ta ce, "Da muna da fili, yanzu ba mu da shi. Mun ci gaba ne ko mun ci baya?"

Asabar ta gaba Inna ta tara matan cocinmu su tara, da tabarmi da tukunyar gwaza da naman rago, suka hau bas biyu zuwa filin. Sun shimfiɗa ke nan sai wani mai gadi ya zo ya tambaya ko sun nemi izinin taro.

"Wajen wa?" in ji Inna.

Ya buɗe baki, ya sosa ƙeya, ya ce shi ma sabo ne, bari ya tambayo. Inna ta ce ya fara ci tukuna. Ya zauna a bakin tabarma, aka zuba masa.