Amsoshin Ƙofar Dagaci

"Wai mutum ɗari da ashirin, a ce duk bakinsu ɗaya?" Barakatu ta tambaya tana jujjuya takardun.

"Abin da suka faɗa na rubuta," in ji Labaran. "Ko so kike in ƙaga musu?"

A barandar firamaren Sabon Gari suke zaune, inda dukansu suke koyarwa, an tashi yara. Wata uku ya rage a ɗaura musu aure. Takardun kuwa na Dokta Halliru ne, masanin tattalin arziki da ya zo daga jami'a cikin farar Fijo, yana binciken ra'ayin talakawa kan takin zamani da gwamnati ta karya wa farashi tun da kuɗin mai ya shigo. Da yake namiji ba ya shiga gidan matan aure, sai ya ɗauki Barakatu ta ji ta bakin mata a wani ƙauye bayan Indabo, Labaran kuma ya ji na maza.

Labaran ya yi abin da duk ɗan mutunci zai yi: ya fara gaida dagaci. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, aka yi shela, magidanta suka riƙa zuwa suna durƙusawa. Kowa sai ya saci kallon rawani, ya ce, "Taki ya wadata, Allah ya saka wa hukuma."

Ita kuwa tsakar gida ta zauna tana taya matan ɓarar gyaɗa. Nan suka gaya mata buhu ɗaya gida huɗu ke rabawa, sauran sai dai a gan shi ran Juma'a a kasuwar Wudil.

Jiya Dokta ya karanta nata a gabansu. Ya cire tabarau, ya dube ta, ya ce, "Malama, kin fi ɗalibaina kunne." Ta sunkuyar da kai tana murmushi, irin murmushin da Labaran ya ɗauka shi kaɗai ya san da shi a duniya.

"Ya ce naka ba za su shiga littafin da yake rubutawa ba," Barakatu ta faɗa a hankali. "Sai an sake, kowa a gonarsa, ba idon kowa."

"Ya ce, ya ce. Tun Litinin bakinki bai huta da 'ya ce' ba."

"Kai, Malam. Mutumin da ko sunana sai ya duba takarda?"

"Bai duba ba jiya."

Ta danne dariya da bakin mayafi. "To ran Asabar zai zo. Tunda na san gidajen, ni zan nuna masa gonakin."

"A motar?"

"A'a, a jaki."

Bai yi dariya ba. Ya hango ta a kujerar gaba, iska na kaɗa mayafinta, Dokta yana ba ta labarin Ingila tun daga gadar Wudil har Indabo. Ya dubi kekensa da ke jingine da bango, taya ta sha faci. Gona ɗari da ashirin, ga rana, ga yashi. Ya miƙa hannu ya karɓe takardun daga cinyarta.

"Ki gaya wa Dokta ya adana mansa," ya ce. "Ni na ɓata, ni zan sake, gona-gona, a kekena. Gobe da asuba zan fara."