Katakona a Filin Masallaci

Shekara goma sha ɗaya katakona yana kwana a filin bayan masallacinmu. Wata baiwar Allah ce ta bar wa masallaci filin kafin ta rasu. Ni kuma shagunana biyu ba sa ɗaukar dogon katako, sai na jibge shi a inuwar katangar masallacin, inda rana ba ta lanƙwasa shi. Ban tambayi kowa ba, ba wanda ya tambaye ni.

Kwatsam na ji wai kwamitin masallaci zai kewaye filin ya sa ƙofa, a ajiye shi har ranar faɗaɗa masallaci. Aji uku na tsaya a makaranta, amma na san in ƙofa ta zo, kwaɗo na biye.

Ranar zama, bayan la'asar, na miƙe. Na ce bai kamata dukiyar Allah ta kwanta tana barci ba alhali samarin unguwa suna zaman banza. A yi rumfuna, a yi sana'a, masallaci ya samu na gyaran rufi. A raina na riga na zaɓi rumfar kusurwa, mai kallon titi. Da na ga Liman yana gyaɗa kai, sai daɗin bakina ya kwashe ni, na ƙara da cewa marasa wurin sana'a kaɗai suka cancanta. Telan unguwarmu har ya share ƙwalla. Mijin 'yata, malamin makaranta, shi ke riƙe da biro, bai bar ko harafi ba.

Aka amince ba gardama. Liman ya ce a karanto sharaɗi, surukin nawa ya karanto maganata daki-daki.

"Baba, kai mai shago biyu ba ka ciki ke nan," in ji shi, kai a sunkuye don ladabi.

Liman ya ce tunda shawarata ce, ni zan jagoranci share filin.

"Mai Katako, akwai wani katako jibge a can. Ka binciko mana mai shi."

Na ce in Allah ya yarda zan same shi.

Yanzu katakon yana tsakar gidana, rana tana murɗa shi, mai ɗakina tana shanya a kai tana mita. Rumfar kusurwa kuwa wani mai gyaran waya ne ya samu. Kullum na wuce sai ya ɗaga hannu ya ce, "Gatan marasa wuri!" Ni kuma in amsa da ƙarfi, don ban samu sunan nan da araha ba.