Sakan Ashirin a Gindin Dutse

…ashirin na ce. Sakan ashirin. Da hannuna na rubuta shi a farin allon cikin bas yau da safe, har na ja masa layi biyu a ƙasa. In Kyaftin ya kai ƙolin dutse yana gaban mai rigar rawaya, jagoran tseren, da sakan ashirin, Tanki ya dakata ya jira shi. In bai kai ashirin ba, a ƙyale Tanki ya yi gaba abinsa. Shi ke nan. Ko ɗan firamare zai gane. To ga shi yanzu talabijin ɗin motar nan na cewa ashirin da uku, rediyon alƙalan tsere na cewa sha bakwai. Wanne ne? Ban bar gurbi a jadawalina ba don ranar da lamba za ta zo biyu.

Ga ka nan a gabana, Yaya. Taku goma ne tsakanin tayarka ta baya da hancin motarmu. Bayanka kawai nake gani — lambar da aka maƙala maka ta jiƙe, gefe ɗaya ya ɓalle yana kaɗawa. Kai kaɗai a gaban tseren keken nan gaba ɗaya. Kai, Tanki. Mutumin da shekara goma sha uku aikinsa ya koma baya wurin mota, ya cusa gorar ruwa takwas a cikin riga, ya dawo yana rabawa kamar mai sadaka. Mutum biyun da kuka ɓalle tare tun safe ka zubar da su a hawan da ya wuce, suna can baya da sakan hamsin. Saura kilomita ashirin da huɗu. Ba ka taɓa cin ko da rana ɗaya ba. Ko ɗaya.

Kuma wannan ce shekararka ta ƙarshe, gwiwa ta ce ta gaji…

"Farfesa, kina ji na?" Muryar Koci ke nan daga mota ta farko, can bayan dutse, tana zuwa tana yankewa. "Rediyona ba ya kai wa Tanki, dutsen nan ya tare. Ke ce kusa da shi. Dabarar taki ce, ki yanke." Sai shuuu. Ki yanke. Wata huɗu da kama aikina. Wata huɗu! Ko katin shaidata na ƙungiya bai daina ƙamshin roba ba.

Dabarar tawa ce, ban musa ba. Kuma mai kyau ce, wallahi mai kyau ce, ko yanzu aka ta da ni daga barci zan kare ta. Kwana takwas ake tseren, yau na bakwai. Kyaftin na biyu a jimilla, sakan arba'in tsakaninsa da mai rigar rawaya. Gobe fili ne shimfiɗe, ba wanda zai ƙwaci komai a gobe. Yau ce kawai. Kowa na jiran dutsen ƙarshe, ni na ce a'a — mu kai hari tun a na kusa da ƙarshe, inda ba wanda ya zata. Matsalar ɗaya ce: kwarin nan. Kilomita goma sha biyar a miƙe, iska na bugun fuska. Mutum ɗaya a cikin iskar nan ayari zai haɗiye shi kamar loma. Amma in akwai wani a gabansa yana tsaga masa iska, shi yana laɓe a bayansa, kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ya huta. Shi ya sa na ce a tura mutum gaba tun safe, ya zama gada. Ya je ya jira.

Gada na ce. A allo na zana ka ɗan da'ira da kibiya. Ban zana cewa da'irar za ta wayi gari da ƙafafun da ba ta taɓa samu ba.

Wa ya ce ka yi ƙarfi yau? Wa ya aike ka?

Saura kilomita ashirin da biyu, in ji allon gefen hanya. Talabijin ta nuno Kyaftin a gangara, kwalta jiƙe sharkaf, ya kwanta a kan keken kamar wanda ya manta yana da uwa. Ya shiga kwana bai taɓa birki ba sai a ƙurewa — tayar baya ta ɗan goce — ya Allah — ya miƙe. Yana yin haka ne saboda ya san akwai mutum a gindin dutse. Ni na gaya masa. Na dubi idonsa na ce, ka sauko kawai, za ka tarar da shi. In ya sauko ya tarar da hanya wayam fa? Ya ƙone ƙarfinsa a banza, su kama shi a kwari, su yar da shi a dutsen ƙarshe. Ba matsayi na ɗaya ba, har na biyun ma ya tafi. Mutum bakwai sun sha wuya kwana bakwai saboda rigar nan. Mai tausa, masu girki, bakanikai da hannuwansu suka tsattsage da sanyi…

To ka jira. A bayyane yake. Ka jira.

"Ni a talabijin ƙeyarsa na sani." Matarka ce ta faɗa, jiya a bakin bas, tana dariya, tana riƙe da ledar wankakkun safarka. "Shekara goma sha uku, ƙanwata. In an nuno shi, to yana gaban wani ne yana ja, kyamara na kan fuskar wancan. Har na iya gane shi da kafaɗa." Na yi dariya ni ma. Me ya ba ni dariya? Tana can a layin ƙarshe yanzu, cikin ruwa, gaban babban allo. Yau fuskarka suke nunawa. Babur ɗin kyamara na gabanka, ba bayanka ba. Tana ganin haƙoranka.

Sha tara. Yanzu rediyon alƙalai ya ce sha tara. Talabijin ashirin da ɗaya. Sun matso kusa da juna don su ƙara raina mini hankali. In na haɗa na raba biyu — ashirin cif. Ashirin cif ɗin ma me na ce a kai? "Ya kai ashirin" na rubuta ko "ya haura ashirin"? Kuma daga ina na samo ashirin ɗin? Daga kwamfuta. Wa ya ba kwamfuta? Ni. Na sa mata iska kilomita sha takwas a awa, na sa mata mutum uku za su rage wa mai rigar rawaya masu ja masa. Iskar da nake gani tana kwantar da ciyawar nan ta fi sha takwas. Mutum nawa suka rage masa? An nuno biyu ɗazu. Ko uku ne, ɗaya ya laɓe? In biyu ne, sha biyar ma ta isa. In huɗu ne, talatin ba ta isa ba. Ashe ashirin ɗin nan… ni na ƙirƙire ta, na ja mata layi biyu don ta yi kama da gaskiya?

Na juya wurin direbanmu. "Kawu, kai me ka gani?"

"Ni tuƙi aka ɗauke ni, 'yar nan." Bai ko juyo ba. Shekara ashirin ya yi a kan sirdin keke kafin ya koma sitiyari, ya san amsar, na rantse ya sani. Ko kuma ya san babu ita, shi ya sa ya ƙura wa gilashi ido haka.

Na tuna Baba a rumfarsa ta gyaran keke, ya kifa keke, yana juya ƙafar yana ɗaure wayoyinta ɗaya bayan ɗaya. Ina zaune a kan gwangwanin man giris da littafin lissafi a cinya. In ya ƙara wa wannan ƙarfi, sai ya sassauta wa waccan ta ɗaya gefen. Na ce Baba, ta yaya kake sanin ya isa? Ya ce ji nake yi. Na ce ai akwai na'urar da ke aunawa, in na gama jami'a zan saya maka. Ya ce to, Allah ya kai mu. Ranar da na samu aikin nan ya zagaya layinmu kaf yana cewa 'yarsa ce za ta riƙa gaya wa zakarun duniya yadda ake tuƙa keke. Yana kallo yanzu? Yana kallo. Ya rufe rumfa tun azahar, na sani.

Saura kilomita ashirin da ɗaya. Kwarin ya fara. Duk taku ɗaya da ka ƙara, ƙarin hanya ce da Kyaftin zai ci shi kaɗai cikin iska kafin ya iso ka. Rashin yankewar ma yankewa ce — ina sane, an koya mana, har jarrabawa na ci a kai.

Da safe, da na gama bayani, kai ka ɗaga hannu kamar ɗalibi, kana shafa man zafi a gwiwa. "Farfesa, in na jira, zai zo?" Na ce kashi saba'in cikin ɗari. Ka ce, "To sauran talatin ɗin wa zai tuƙa su?" Bas ta kwashe da dariya, har Koci. Ni ma na yi, na ji daɗi ma, na ce sun fara wasa da ni, na zama 'yar gida. Tambaya ce ashe. Tambaya ka yi mini ban amsa ba.

In ka jira bai zo ba — an kama shi kafin ya iso — ka ba da ranarka ɗaya tilo a banza. In ka jira ya zo, ka ja shi, aka kama ku duka biyu, banza. In ka tafi ka ci, Kyaftin ya faɗi, gobe wa zai dubi wani a teburin karyawa? In ka tafi, mutum biyun nan suka haɗa kai suka cim maka a dutsen ƙarshe, gwiwar ta tuna da kanta… ba wan ba — a'a. Ba ko ɗaya ke nan. Hanya huɗu, biyar, kowace da ƙofar asara. A jami'a in ka zana irin wannan bishiyar, reshe ɗaya yakan fi nauyi. Ina reshen?

Kuma ma wa nake tausayi? Kai, ko kaina? In na ce tafi, don kai na faɗa, ko don kar matarka ta dube ni? In na ce jira, don ƙungiya ne, ko don ina so a ga dabarata ta yi aiki, a ce yarinyar nan da kwamfutarta…? Ina so. Kunya ko ba kunya, ina so. Tun daren da na zana ta nake ganin Kyaftin cikin rigar rawaya ana nuna allona.

Rediyon na hannuna. Yaushe na ɗauka? Ya yi ɗumi, ya jiƙe. Maɓallin na ƙarƙashin babban yatsana. Kalma ɗaya ce, ko wannan ko waccan. Zan danna, in buɗe baki, duk wadda ta fito ita ce. Haka manya ke yi? Haka Koci ke yi shekara talatin, mu muna zaton ilimi ne?

Na danna. Ƙas.

Bakina a buɗe. Iska kawai ke fita. Yaya… Yaya, ka…

Ƙafafunka sun tsaya.

A'a. Ban ce komai ba. Ban ce ba — ƙafafunka sun tsaya, ka miƙe zaune a sirdi, ka saki hannu ɗaya kana girgiza shi. Keken na gangarawa da kansa. Babur ɗin kyamara ya yi gaba, ya ga ba ka biye, ya rage gudu yana waige.

"Ban yi magana ba, Kawu. Ka ji na yi magana?"

"Ba ki yi ba." Ya sauke giya. "Shekara goma sha uku, duk ranar da yake gaba abin kunnensa ya yi ƙas, magana ɗaya ce ke biyowa: jira. Ya hutar da ke ne."

Ya hutar da ni. Kuma na huta — abin da ya fi ci mini rai ke nan, kafaɗuna sun sauka, na ji sun sauka. To me zan ce da? Wace ce ke kan harshena? Ina lalube, ba na samun ta. In tafi ce fa? In tafi ce, har yanzu akwai lokaci, sakan hamsin ne, in na yi ihu yanzu — yanzu —

Ga su. Mutum biyun. Sun wuce ta hagu kamar an harbo su, ɗayan ya juyo ya dube ka, bai gane ba. Sun yi ƙanana. Sun shige cikin ruwa.

Kawu ya matsa da motar gefenka, na sauke gilashi, ruwa ya feso mini a cinya, a kan kwamfutar. Ga fuskarka. Yau na fara ganin ta kusa haka a cikin tsere: laka har gira, gishiri ya bushe a gefen baki. Ba ka yi fushi ba. Da ma ka yi. Ka miƙo hannu.

"Ba ni gora, Farfesa. Biyu."

Ɗaya ka kafa a baki. Ɗayar ka cusa a bayan riga, inda ka saba. Ta Kyaftin.

Minti uku ke tsakaninka da Kyaftin. Ban taɓa sanin tsawon minti uku ba, a jadawali ɗan gurbi ne. Kana juya feda a hankali don kar ƙafa ta yi sanyi, kana leƙen baya ta ƙarƙashin hammata. Hanya wayam. Talabijin ta ɗauke, sai dusa-dusa. Koci shiru — ko kuwa ni ce… yatsana. Har yanzu yana kan maɓallin. Tun ɗazu kana jin numfashina a kunnenka, duk wanda na ja.

Na saki. Yatsan ya ƙi miƙewa.

Madubin gefe duk ɗigon ruwa. Can a bakin kwana wani abu ya ɓullo, ƙarami, yana rawa. Mutum ɗaya ne? Ayari ne? Shuɗiya ce rigar, tamu, ko… Na goge da hannun riga, ya ƙara dagulewa. Kai ka riga ka tashi tsaye a kan feda, ka fara ɗaukar gudu, ba ka jira ka ga ko wane ne ba.

Saba'in cikin ɗari, na ce maka.

Kawu, wace kala ce?