Jangalin Talabijin

A shekarar 1976 Malam Almu ya yi wa Ingila bore, daga kan kujerar falonsa a unguwar Catford. Gwamnati ce ta turo shi kwas na shekara biyu, lokacin da kuɗin fetur suka rasa inda za su kwana. Darasin farko da ya haddace shi ne sayen talabijin mai kala.

Ran nan ana nunawa a talabijin yadda Amurkawa suka zubar da ganyen shayin Ingila a teku saboda haraji, sai ga matarsa Luba da takarda: a yanki lasin talabijin, ko mai bincike ya zo.

"Jangali ke nan," in ji Almu. "Akwatina, wutata, idona! Ni jikan wanda ya ɓoye wa Di'o shanu arba'in, ya haye kogi da su?"

"Malam, ba awaki uku ka ce ba bara?"

"Bincike ya ci gaba, Luba."

Ranar Talata aka hango motar masu bincike a bakin layi. Almu ya tashi yin irin ta kakansa. Kogi dai babu, sai bene. Ya rungumi akwatin yana nishi har gidan da ke saman nasa, wajen Jang, wani mutumin Jos mai karatun injiniya. Shi yana da lasin, talabijin ɗinsa ce ta mutu.

"Amana ce, Jang. Kwana biyu."

"Haba ranka ya daɗe, kawo ta. Ba za ta rame ba."

Almu ya sauko ya sa babbar riga, ya shirya jawabi a kan mulkin mallaka tun daga 1903. Da aka ƙwanƙwasa, sai ga wani ɗan tsurut ɗin Bature mai mura. Ya dubi tebur wayam, ya ba da haƙuri, ya yi godiya, ya tafi. Ko sallamar jawabin ba a kai ba.

Washegari jarumi ya hau karɓo kayansa. Ya tarar Dinatu, matar Jang, ta shimfiɗa wa akwatin ƙyalle mai ado, ta ɗora hoton bikinsu.

"An ce sukan dawo ba sanarwa," in ji Jang. "Ka sauka da ita ba lasin, sai kotu. Sai dai in za ka yanka..."

"Ni? Har abada!"

"To ka gani. Mu ma ba ma so a ce a hannunmu ka miƙa wuya."

Tun daga nan, duk Asabar da la'asar Almu kan hau kallon kokawa. Ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, a ba shi ɗan benci a gefen ƙofa. Wata rana ya miƙa hannu zai ƙara murya.

"A'a, Malam Almu," in ji Dinatu. "Ba ma yawan taɓa ta. Ta mutane ce."