Ajiyar Auta

"Wannan ba wasa ba ne, kotu ce," in ji mai aski. Ya buga kwalin faifan wasan talabijin a kan kantar Injiniya har ƙananan kusoshin da ke cikin murfin kwalba suka yi tsalle. "Mutum ya wuni a tsaye a kan ƙeyar jama'a, ya koma gida ya kunna gem don ya huta, sai a tasa shi gaba da tambayoyi kamar ya kashe rai."

"To ai ka kashe," in ji Akawu, mai shagon buga takardu da ke jikin nasu. "A kashi na farko mutum nawa ka harbe?"

"Waɗannan zane ne, ba mutane ba."

"Zanen ne ya hana ka cin abinci jiya?"

Injiniya bai ɗago ba. Ba makaranta ce ta ba shi sunan ba, layin shagunan ne, bayan shekara talatin yana buɗe cikin rediyo da talabijin da wayoyi. Yana riƙe da sukudireba a kan wata fanka wadda tun safe ya gama gyara ta, yana kwance kusa yana mayarwa. Idonsa na kan agogon bango. Ƙarfe huɗu Malama za ta taso daga asibitin da take aiki, ta zo karɓar na'urar wasan ƙaninta.

Wasan da ake musu a kansa na wani kumbo ne da ya ɗauki mutum dubu goma suna barci, yana neman musu sabuwar duniya. Mai wasa shi ne kyaftin. Matuƙin kumbon kuwa mutum-mutumi ne, mai magana a hankali kamar limamin da ya tsufa. Ya yi wa kyaftin alkawarin bin hanyar da aka shata, sannan ya karkata a ɓoye, saboda ya hango haɗarin da kyaftin ya ƙi yarda da shi. Mutum ɗari uku suka mutu a wannan karkatawar, sauran suka tsira. Ko da ma za su tsira ba tare da hakan ba, wasan bai taɓa faɗa ba. A ƙarshen kashi na farko ana ba ka zaɓi: ka kashe matuƙin, ko ka bar shi. Kashi na biyu da ya fito watan jiya yana karanta ajiyar da ka yi a na farko, ya ɗora daga inda ka tsaya.

"Na farkon dai wasa ne na maza," in ji mai aski. "Ga abokin gaba, ga bindiga. Wannan kuwa sai tura ka ake gidan matar wani da ka bari a baya, ta ba ka kujera, ta kawo maka ruwa. Gara ta zage ni."

"Nan daɗinsa yake. Ba ya mantuwa."

"Matata ma ba ta mantuwa, ban ga an sa ta a kwali ana sayarwa ba."

Akawu ya yi dariya har ya cire tabarau. "Kai matsalarka ka saba da komawa baya. Ka yi ɓarna, ka kashe na'ura, ka sake. Wannan ya toshe ƙofar. Abin da ka shuka shi za ka girba."

"In girbi nake so ai sai in tafi gona. Injiniya, raba mana gardama. Kai da ka kwana tara kana dannawa, tsofai-tsofai da kai, har kana rufe shago rabi da rana tsaka."

"Gwaji nake," in ji Injiniya. "Ba a ba mutum kayansa ba a gwada ba."

"Gwajin kwana tara? Ko jirgin sama ba a yi masa haka."

Sati biyu ke nan da Malama ta shigo da na'urar a nannaɗe cikin tawul, kamar mai ɗauke da jinjiri. Na'urar ta ƙi tashi, sai ƙara. Ta ce ta ƙaninta ce, autansu, wata huɗu da rasuwa. Ta ce komai ya lalace bai dame ta ba, ban da ajiyar wasan nan. Sau biyu ta faɗa, na uku tana bakin ƙofa.

"Malama," ya ce mata a ranar, "kafin a haife ki nake wannan aiki."

Ya kuwa tayar da ita. Ya ga ajiyar da idonsa: kyaftin dogo mai jar riga, da suna Auta a rubuce. Ya kwafe ta a ɗan filashi don adanawa, ya wanke na'urar tas, ya goge duk abin da ke cikinta yadda yake yi wa wayoyi, hannu na yi baki na hira da wani mai rediyo. Da ya zo mayarwa sai ya ga abin da ya kwafa ajiyar baƙo ce, fanko, ko minti goma ba a buga ba. Sunan masu wasa biyu ne a na'urar, ya ɗauki na ƙasa. Gwani ne ke nutsewa a ruwa, wanda bai iya ba ai ko gaɓa ba ya zuwa.

Ya gwada duk dabarar da ya sani, da wadda ya kira wani tsohon abokin sana'a ya tambaya a kaikaice. Abin da ya tafi ya tafi. Ya ɗauki waya zai kira ta, ya ajiye. Washegari ya ja ƙofar shago rabi, ya ƙirƙiri kyaftin dogo mai jar riga, ya rubuta Auta, ya fara daga farko da yatsun da ba su taɓa riƙe hannun gem ba sai don gyara. A kowace mararraba sai ya tsaya ya tambayi kansa me yaron da bai taɓa gani ba zai zaɓa. A rana ta tara ya iso gaban matuƙin. Mutum-mutumin ya ce, "Na yi maka ƙarya, kyaftin. Ban da abin da zan kare kaina da shi." Injiniya ya zauna kusan awa guda, shayinsa ya huce. Yatsansa ya ƙi zuwa kan maɓallin kisa. Ya bar shi.

Huɗu da kwata ta yi sallama, da farar rigar aiki a ƙarƙashin mayafi, da faifan kashi na biyu ko ledarsa ba a ɓare ba.

"Sannu da aiki, Baba. Ta tashi?"

"Ta tashi, Malama." Ya share mata benci da hannun riga, abin da bai taɓa yi wa kowa ba.

"Don Allah a sa min a nan. Ban iya haɗa wayoyin ba. Kuma..." ta dubi ƙasa, "ba na so in gani ni kaɗai."

Mai aski da Akawu suka gyara tsayuwa, an samu sabon alƙali. Mai aski ya ce, "Malama, in kina son kwanciyar hankali mayar musu da faifan nan. Baƙin ciki suka dafa suka zuba a kwali."

"Kada ki biye masa," in ji Akawu. "Shi ko labarin gizo aka ba shi sai ya nemi inda ake harbi."

Ta yi ɗan murmushi. "Ni ban iya ba ma. Kallo nake yi in Auta na bugawa. Mun sha faɗa a kan matuƙin nan. Ni na ce a bar shi, ai don ceton rai ya yi. Shi ya ce wanda ya karya alkawari ya karya, ko aljanna ya kai ka." Ta murza bakin mayafinta. "Da ciwonsa ya yi tsanani ya sa na rantse ba zan gaya wa mahaifiyarmu ba. Na ga sakamakon gwajinsa da idona, aikina ne. Na gaya mata. Wata biyu na ƙarshe ko gaisuwata ba ya amsawa. In na shiga ɗakin sai ya juya ga talabijin. A lokacin ya ƙarasa wasan, ban san me ya zaɓa ba."

Ƙarar injin wani mai walda ta shigo daga can ƙarshen layi. Injiniya ya ajiye sukudireba. Yanzu ne lokacin faɗa mata gaskiya. Ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa, "Miƙo faifan."

Allon ya yi duhu, ya kawo taurari. Rubutu ya fito cewa an sami ajiya, ana karantawa. Kyaftin mai jar riga ya farka, ya bi wani dogon lungu zuwa ɗakin tuƙi. Akawu ya raɗa cewa in an kashe matuƙin, kujerar fanko ake tararwa. Ƙofa ta buɗe. Kujerar ta juyo a hankali.

"Barka da tashi, kyaftin," in ji mutum-mutumin. "Ban zaci za ka bar ni in ga wannan rana ba."

Malama ta sa hannu biyu ta rufe bakinta. Ba ta yi ƙara ba, kafaɗunta kawai ke rawa. "Ya bar shi," ta ce. "Baba, ka gani? Ya bar shi. Auta, ɗan banza mai taurin kai, ka bar shi ba ka gaya min ba."

"Allah ya jiƙansa," in ji Akawu, yana goge tabarau da gefen riga. Ya juya ga mai aski. "To, ga amsarka. Wane wasan harbi ne zai yi wannan?"

Mai aski ya ƙura wa talabijin ido. Jar rigar da ke allon yake kallo, wadda ya kwana tara yana hangowa ta ƙofar da aka ja rabi. Ya dubi Injiniya. Injiniya ya dubi fanka. Mutumin da bakinsa ba ya rufuwa ko yana aske gemun mai tari, ya ɗauki kwalinsa ya ce yana jin kamar an shiga shagonsa, ya fita.

Injiniya ya naɗe mata na'urar a tawul ɗinta. Ta yi godiya har ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ta ce yau za ta gaya wa mahaifiyarsu, ita ma tsohuwar tana ɗauke da abin a ranta, tana cewa ita ta raba 'ya'yanta. Ta fita da sauƙin tafiya irin na wanda aka sauke wa kaya.

Ya zauna. Wa aka cuta? Ya tambayi kansa, ya kuma ba kansa amsa mai kyau, irin wadda yake ba mai kaya in ya sa masa tsohon ƙarfe a madadin sabo. Yarinya ta samu sauƙi, tsohuwa za ta samu. Wataƙila ma abin da yaron ya zaɓa ke nan. Wataƙila. Sai dai yanzu zancen zai shiga gida, a faɗa wa dangi, a riƙa maimaita shi shekara da shekaru da sunan mamaci, alhali yatsan wani tsoho ne da ya tausaya wa maƙaryaci don shi ma a ranar maƙaryaci ne.

Mai aski ya leƙo, almakashi a hannu. Bai shigo ba.

"Bas ɗin su Malama ba ya zuwa sai biyar da rabi," ya ce, ya koma.

Injiniya ya bar shagon a buɗe. Rabon da ya yi sauri irin wannan har ya manta, gwiwarsa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ya same ta a ƙarƙashin rumfar tasha, na'urar a cinyarta, waya a hannunta tana neman lamba.

"Malama, dakata kafin ki kira."

Ya faɗa mata a tsaye, yana haki, bai yi wa zancen kwalliya ba: suna biyu, filashi, kwana tara, da awa gudan da ya yi a gaban matuƙin. Ya ce abin da Auta ya zaɓa babu mai sani yanzu sai Allah, kuma shi ne ya jawo.

Ba ta zage shi ba, ya so kuwa ta yi. Ta daɗe tana kallon tawul ɗin. Allon wayarta ya dushe ya mutu.

"Sau uku na gaya maka, Baba."

"Sau uku, Malama."

Bas ya tsaya, mutane suka yi ca a ƙofa. Ta miƙe, ta gyara na'urar a ƙirjinta. Ya miƙa hannu zai taya ta ɗauka, ta kauce kaɗan. Sai da ta sa ƙafa ɗaya a matakala ta juyo, idonta a bushe.

"Da ka bar ni na kwana da ƙaryar," ta ce, "ko dare ɗaya ne."